Kufai, Karofi da Mashekari: Baƙin da Suka Gina Ƙasar Kura

Wanda ya bar Kano ta Na'ibawa a watan Fabrairu ya kama hanyar Zariya, da zarar ya tsallake gadar Tamburawa zai ga ƙasa ta sauya kama. A bayansa ya bar Kumbotso da ƙurarta, da gidajen bulo masu cin gonaki dare da rana, da warin majemun Challawa. A gabansa kuwa kore ne shar iya ganin ido, alhali rabon sama da zubar da ruwa wata huɗu ke nan. Ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, ruwa yana bin kanal yana shiga gona-gona. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya mamaye Kura da Garun Malam da Bunkure, shekarunsa kuma hamsin ne da 'yan kai. Yau in aka ce Kura, shinkafa ake tunawa. In aka hangi garken shanu a bakin kanal, manomi ya dogara da fartanya yana harararsu, sai mutum ya ɗauka saniya ce baƙuwa a nan, ruwan kuma ɗan gari.

Lissafin ba haka yake ba. Kafin a haƙa kanal na farko shanu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwana a wannan ƙasa, kuma kusan duk abin da ya ɗaukaka sunanta, daga takin gona zuwa baƙin rawani, akwai hannun baƙo a ciki. Sai dai baƙon nan, makiyayi ne ko marini ko falke ko bawa, bai bar ganuwa ko soro ba. Ɗan abin da ya bari yana ƙarƙashin gonar shinkafa, ko ƙarƙashin fulotin wani.

Ranar da makiyayi ya shiga littafi

Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ba da labarin zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), sannan zuwan malaman Fulani da littattafansu, da Barebari, a zamanin Yakubu (1452–1463). Waɗannan baƙin birni ne, masu alƙalami da fatauci, shi ya sa marubucin ya san da zamansu. Makiyayi ba ya shiga littafin fada sai ranar da aka je karɓar haraji a wurinsa.

Ranar ta zo a zamanin Kutumbi (1623–1648), sarkin da aka ce shi ya fara karɓar jangali. An karɓi shanu 100 daga Jahunawa, 70 daga Ba'awa, 50 daga Danejawa, da wasu rassan. Da shanun suka taru sai ya naɗa wani bawansa Sarkin Shanu, sarautar da har yau tana nan a masarautar Kano. Ba a ƙirƙirar sarauta a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ke nan tun farkon ƙarni na 17 dukiyar da ke yawo a dazukan Kano ta isa fada ta sa mata ido, kuma masu ita suna da dangogi sanannu da shugabannin da za a iya kira a yi magana da su.

Bayan shekara ɗari da hamsin da ɗoriya, jikokin masu biyan jangalin nan suka karɓi mulkin. A 1804 jama'ar Shehu a ƙasar Kano suka yi hijira zuwa Kwazazzabo, yamma da birni, cikinsu da Sulluɓawa, da Yolawa, da Jobawa, da Dambazawa, da Danejawan nan masu shanu hamsin. Sarkin Kano Alwali ya sha kashi a Ɗan Yaya, ya ƙare rayuwarsa a Burum-Burum. Ibrahim Dabo, Basulluɓe, ya hau gadon Kano a 1819. Daga Sakkwato kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dage wajen ganin Fulanin daji sun zauna wuri ɗaya, sun yi gari, sun sa yara karatu. Da yawa sun zauna, sun kama noma, sun saki Fulatanci, ba abin da ya rage musu na asali sai sunan dangi da 'yan shanu a bayan gida. A ƙauyukan Kura da Bunkure, manomin da ke ƙorafin ɓarnar shanu yau, in ka bi salsalarsa, ba mamaki ka iske kakan kakansa da sanda a kafaɗa ya iso.

Mashekari

Masana sun daɗe suna mamakin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Michael Mortimore ya yi rubutu a kanta tun 1965, Polly Hill kuma ta yi bincike a yankin da ta kira Dorayi, cikin gundumar Kumbotso ta wancan lokaci, ta fitar da littafinta a 1977. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne jama'a cunkus, gona manne da gona, ana noma wuri ɗaya kowace damina ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba. Amsar taki ce. Kusa da birni jakuna ke shiga da itace su fito da mangala cike da shara da toka da kashin awaki. Can nesa, inda jaki ba zai je birni ya dawo a yini ɗaya ba, saniya ce ke wannan aiki.

Ga yadda abin yake gudana. Da an gama girbi an kwashe dawa da gero, sai makiyayi ya zo ya yi sallama da mai gona, ko mai gona ya aika wa Arɗo. A kafa bukkar kara a tsakiyar gona, a shimfiɗa dangwali a ɗaure maruƙa, manyan shanu su yini suna cin karmami da kututturen kara, su gangara fadama su sha ruwa, da yamma su dawo su kwana a wuri ɗaya. Bayan 'yan kwanaki a matsa gaba kaɗan, har gonar ta samu rabonta kusurwa-kusurwa. Mai gona shi ke biya, da damin dawa, ko gishiri, ko abincin dare, matarsa kuma ta musanya tsaba da nono da man shanu. Wurin da shanun suka kwana shi ne mashekari, kuma in damina ta faɗi ba sai an nuna maka shi ba, dawar wurin ta fi ta kusa da ita tsawo da duhun ganye.

To, me mai tono zai samu a irin wannan wuri bayan shekara ɗari biyu? Bukka ta zama abincin gara. Ƙwarya da faifai da igiya sun ruɓe. Abin da zai saura bai wuce duwatsun murhu uku ba, da tsingaron tukunya ɗaya ko biyu, wataƙila ɗan kunne ko tsakiyar wuya da ta faɗi, sai baƙar ƙasa mai laushi. A yammacin Amurka, inda baƙi suka yi ta kafa gandayen shanu a ƙarni na 19, masu binciken kufai suna da abin kamawa: wayar shinge mai ƙaya da aka yi wa rajista a 1874, da gwangwanaye, da kwalabe, da rijiyoyi, da takardun mallakar fili. Kiwon can na shinge ne, shinge kuma yana barin shaida. Namu na yarjejeniyar baka ne tsakanin mutum biyu, ɗaya yana da kara ɗaya yana da kashin shanu.

Duk da haka baƙar ƙasar nan ba abin rainawa ba ce. A 2018 mujallar Nature ta buga binciken Fiona Marshall da abokan aikinta a kudancin Kenya, inda suka nuna cewa wuraren da makiyaya suka tsare dabbobinsu shekaru dubbai da suka wuce har yanzu sun fi ƙasar da ke kewaye da su ƙarfi, ana iya gane su da awon sinadarin ƙasa. Hanyar ganowa tana nan. Mu dai a nan hankalin masu tono ya fi tafiya wajen sarakuna da maƙera: wurin narka tama a Dala da aka auna ya kai ƙarni na 7, da duwatsun Santolo, da kusheyin Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, da Kufan Kanawa a Damagaram, inda Anne Haour ta yi tono a garin da ake cewa daga can mutanen Kano suka taso. Duk ayyuka ne masu daraja, amma talakan da ya ciyar da waɗannan garuruwa bai samu shiga ba tukuna.

Rijiyoyin baba

Akwai baƙon da ya bar shaidar da ta fi ta makiyayi ƙarko, shi ne marini. Tun kafin shinkafa, da rini aka san Kura. A nan ake yin turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda Abzinawa ke naɗawa su rufe fuska. Sawaye ne sirara ake ɗinkewa, a tsoma a baba sau da yawa har su yi baƙi wuluk, a kai mabuga a barbaɗa shuni a yi ta bugu har tufa ya riƙa ɗaukar ido, launin kuma yana zuba a fatar mai sawa. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus.

Philip Shea, wanda ya kammala bincikensa kan wannan sana'a a 1975 kuma ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa ƙarfin rinin ba a birni kaɗai yake ba, yana garuruwan karkara irin su Kura. Ƙiyasin da ake kawowa shi ne, zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masarautar Kano na da rijiyoyin rini tsakanin 15,000 da 20,000. Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne laso. Da can a manyan tukwane ake rini, tukunya kuwa tana da iyaka, tana kuma fashewa. Sai aka koma haƙa rami mai zurfi a shafe cikinsa da laso. Katsi ake kwasowa, wato abin da ya kwanta a gindin rijiyar baba, a busar, a ƙone, a daka, a cuɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. In ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. A lura da gashin nan: ko a bangon karofi akwai rabon dabbar makiyayi.

Irin wannan rami ba ya ɓacewa da sauƙi. Ko an daina rini, ko ƙasa ta cike shi, bakinsa yana nan a zagaye, ga tudun toka a gefe. Wanda ya ƙidaya matattun karofi na gari ɗaya, ya auna zurfinsu, ya duba tsingaron da ke cikin tokar, zai iya faɗin lokacin da garin ya bunƙasa da lokacin da kasuwa ta juya masa baya, abin da ba a rubuta a littafin kowane sarki ba.

Su wa suka yi aikin? Masu sana'a sun yi ta kwararowa ƙasar Kano a ƙarni na 19 saboda ta fi maƙwabtanta zaman lafiya da kasuwa. Abzinawa suna saukowa da ayarin gishirin Bilma su koma da tufa. Akwai kuma Agalawa da Tokarawa, waɗanda Paul Lovejoy ya bi diddiginsu a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. Asalinsu Buzaye ne da suka baro arewa suka zauna a karkarar Katsina da Kano, suka rungumi Hausa, suka riƙe hanyar Gwanja. Gidan Ɗantata daga cikinsu yake. Kakansu Baba Talatin ya taso daga ƙasar Katsina ya sauka a Madobi, maƙwabciyar Kura, a Bebeji kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Masu cewa baƙo raɓa ne ba su duba wannan gida ba. A 2016 jininsa, ta wajen gidan Ɗangote, suka buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, tafiya kaɗan daga inda kakanni suka fara sauke kaya.

Akwai kuma baƙin dole, waɗanda ba a cika son ambatonsu ba. Audugar da aka saƙa da baban da aka rina da shi, kaso mai yawa bayi ne suka noma su a rinji da gandayen sarauta, mutanen da aka kamo daga kudu da gabas. Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandun Fanisau, Dorayi ma gandun sarki ce. Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Jikokinsu sun narke cikin jama'a, ba mai tambaya, kuma hakan alheri ne. Amma tarihin da ya ƙidaya rawuna ya manta hannun da ya tsinci auduga bai cika ba.

Da katafila ta zo

Kwamishinan 'yan sanda Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, mutum ne mai son ruwa, kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya gaskata shi. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, tafki mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2, wanda ya tashi dubban mutane daga garuruwansu. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya yi nazarin aikin, aka fara gwaji a Kadawa, aka tsara kashi na farko a kan hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Ruwan kanal da kansa yake gangarawa, ba inji, don haka dole ƙasa ta kwanta daidai. Aka karɓi gonaki, katafila ta bi ta kansu ta baje tudu ta cike kwari, aka tumɓuke itatuwa, aka yanka fili aka sake rabawa. Tina Wallace da Cecile Jackson, waɗanda suka yi bincike a ƙauyukan aikin, sun rubuta yadda abin ya taɓa masu ƙaramin ƙarfi, ita Jackson har ta kwatanta halin matan kulle da na matan Maguzawa masu noma gayaunarsu. Abin da ya dame mu a nan shi ne, tudun da katafila ta baje sau da yawa kufai ne, kukar da aka tumɓuke kuma ita ce alamar da ta rage ta tsohon gari. Fadamar da shanu ke rani a cikinta ta zama lambu. Can ƙasa ma, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar da ke tsirar da ciyawar rani ta ragu.

Ba wanda zai ce aikin bai yi amfani ba. Je ka Kwanar Gafan lokacin tumatir, ko ka ji ƙarar injinan casar shinkafa a Kura, ka ga matan da ke turara ta suna samun na kansu. Aikin ya ma jawo sababbin baƙi: 'yan cin rani daga Jigawa da Katsina da Nijar masu dashe da tsinka da dako, da Buzayen da fari ya raba da dabbobinsu. Amma ya juya tsohuwar yarjejeniya a kanta. Manomin da ke sayen takin zamani a buhu, gonarsa kuma ba ta zama fayau ko wata ɗaya a shekara, ba ya bukatar saniya ta kwana masa. Yanzu makiyayi ne ke ciro kuɗi ya sayi ciyawar shinkafa da harawa da izinin shiga gonar da aka girbe. Burtalin da zai bi ya isa can ɗin ma an matse shi, wani wurin sai dai ya bi bakin kanal, shanu su rusa gaɓa, a yi ta ƙara wajen mai unguwa.

Gandun kiwo, tsohon sabon magani

Duk lokacin da rikici ya tashi sai a ce mafita ita ce a killace shanu a gandun kiwo irin na Turawa, kamar wani sabon abu aka gano. An gwada tun 1914, lokacin da kamfanin African Ranches ya buɗe gandaye a Rigachikun kusa da Kaduna da Allagarno a Borno. Zuwa 1931 ya tattara ya rufe. Gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Ana lissafa kimanin 415 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba, da yawa kuma an nome su. Shirin Ruga na tarayya an dakatar da shi a Yulin 2019 tun bai fara tafiya ba. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta fara nata matsugunin a dajin Ɗansoshiya cikin Kiru, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kula da dabbobi ta tarayya.

Inda hukuma ta yi nasara da gaske a harkar shanu, ba ta shinge ba ce, ta allura ce. Cutar bushiya ta kusa share garken ƙasar Hausa wajen 1890, ta sake dawowa a 1983. Gangamin rigakafin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka a wani taro a Kano aka tsara shi a 1961, kuma a 2011 aka shelanta cutar ta ƙare a duniya. Allura ta bi saniya inda take. Gandun kiwo kuwa so yake saniya ta zo inda takarda ta ce, a ƙasar da ciyawa ke bushewa wata bakwai. Abin ban takaici, Kura da Bunkure na cikin wurare ƙalilan a Arewa da ke da ruwa da ragowar amfanin gona duk shekara, wato inda zaunar da shanu zai iya yiwuwa, in da an bar musu hanya da mashaya a taswirar farko.

Abin da ya rage bai ƙare ba, amma yana tafiya da sauri, musamman ta wajen Kumbotso, inda masu yanka fuloti da masu buga bulo da masu ɗibar yashi a Challawa ba sa jiran kowa. A tudun da ruwan kanal bai kai ba, tsakanin Bunkure da Rano, har yanzu garma na tono tsingaro da dutsen niƙa da kashin maƙera, dattawan da suka ga ƙasar kafin zuwan katafila kuma suna da sauran numfashi, sun san inda burtali ya bi da inda karofi yake. Aikin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a zauna da su, a taka da ƙafa, a sa kowane kufai da matacciyar rijiyar baba a taswira, a ɗebi ƙasar tsofaffin mashekarai a auna. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi a Samaru, tana kuma da tashar binciken noman rani a Kadawa, da ɗakin awon ƙasa da ɗalibai masu neman abin rubuta digiri. Sashe biyu ne na jami'a ɗaya, hanyar Zariya ɗaya ta haɗa su.